Gado Ne, To Sai Aka Yi Yaya?

Makon jiya ina aikin dare, wajen ƙarfe biyu da rabi, aka shigo mana da wani yaro ɗan shekara huɗu, ƙirjinsa na kuka kamar an danne kyanwa. Kana kallon ramin wuyansa, kana ganin yadda yake lotsawa duk sanda ya ja numfashi. Na ji uwar tana ce masa "sannu Baba, sannu", sai na yi mata magana da Hausa. Wallahi kamar jira take, sai hawaye. Da aka ba shi magani numfashi ya fara daidaita, na kawo mata shayi, sai ga saƙon murya ya shigo wayarta daga gida. Ba ta rage ƙara ba, don haka na ji komai. Surukarta ce. Bayan "ya jikin nasa" guda ɗaya tak, sai ta ɗora da cewa: "Mu dai a zuri'armu ba mu san wannan ciwon ba. Ki bincika wajenku."

Da izininta nake ba da labarin nan, kuma na sauya abin da zai sa a gane ta. Amma maganar surukar ban taɓa ko harafi ɗaya ba. Jika yana neman iskar da zai shaƙa, abin da ya dami kaka shi ne a san gidan da za a jingina wa laifi. Haba Hajiya!

Shekara goma sha tara ke nan ina aikin jinya, sha ɗaya daga ciki a ɗakin yara a nan arewacin Ingila. A tsawon wannan lokaci na ga yadda mutanenmu suka yi wa kalmar "gado" amfani iri biyu, kuma duka biyun yaro ne ke shan wahalarsu. Wasu sun mai da ita sandar dukan matar ɗa. Wasu kuma sun mai da ita bargon lulluɓa: "Ai gadonmu ne, kakansa ma haka ya yi ta fama, ba abin da za a yi." Yau da waɗannan biyun nake, kuma ba zan sassauta ba.

Bari in fara da abin da ba na musu a kai. Gado gaskiya ne. Asma, da atishawa da toshewar hanci na lokacin furanni, da bushewar fata mai ƙaiƙayi da likitoci ke kira ekzima, da borin jini idan an ci wani abinci, wanda yaranmu na nan ke ce wa alaji, duk 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma suna bin jini. A gida ɗaya sai ka ga uba da atishawa, 'yarsa da ƙaiƙayin fata, ɗansa da asma. Abin da ake gada shi ne jiki mai saurin ɗaukar zafi a kan abin da bai kai ya kawo ba: ƙura, gashin mage, ƙwai, gyaɗa. Garkuwar jikin ce ke tayar da yaƙi a inda babu abokin gaba. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya tabbatar da haka: idan ɗaya yana da asma, ɗan uwansa da suka fito daga ƙwai ɗaya ya fi shiga haɗari a kan tagwayen da ba su yi kama ba. Amma a lura, ko a cikin masu kama ɗayan, sau da yawa Hassan na da ita, Husaini kuwa lafiyarsa ƙalau. Jini ɗaya, ciki ɗaya, nono ɗaya. Ke nan akwai wani abu bayan jini.

To, Hajiya, mu zo kan "ki bincika wajenku". Kowane ɗa yana karɓar ɗaurin ƙwayoyin halitta guda 46, waɗanda ake kira kuromosom: 23 daga uwa, 23 daga uba. Babu gidan da ya ba da kashi biyu cikin uku. Da aka tattara bincike masu yawa a 2010, an ga cewa idan uwa na da asma haɗarin ɗanta ya kai kusan ninki uku, idan uba ne kuma kusan ninki biyu da rabi. Wannan ɗan bambancin ne za a tsaya a kai a ci mutuncin 'yar mutane? Kuma ki tuna wata tara ta yi tana ɗauke da cikin, tana shaƙar duk hayaƙin da ke gidan, har da na sigarin da ba ita ta kunna ba.

Sannan wannan "a zuri'armu babu" ɗin, wa ya auna ku? Ni mahaifina, Allah Ya jiƙansa, duk hunturu idan ƙurar ta sauko ba ya iya kwanciya. A zaune yake kwana, ya jingina da bango, ƙirjinsa na kuka har mu da ke ɗakin gefe muna ji. Abin da muka san shi da shi "sanyi". Malam na fama da sanyi, a dafa masa citta da kanumfari. Sai da na shiga makarantar jinya na gane sunan abin da ya yi shekara talatin yana fama da shi. Da a ce wani ya tambaye ni ina da shekara goma sha biyar ko akwai asma a gidanmu, da na rantse babu. Gidaje nawa ne a Kano, a Maraɗi, a zangon Kumasi, suke da irin wannan "sanyin" da ba a taɓa kai shi gaban likita ba? Laifi tudu ne. Rashin suna a takardar asibiti ba ya nufin rashin ciwo a jini.

Illar wannan zargi ba ta tsaya a ɓacin ran uwa ba. Matar da ta san za a ce daga gidansu ne, ɓoyewa take yi. Na ga wadda ke ɓoye inhelar ɗanta a ƙasan jaka idan dangin miji sun zo hutu, yaro ya yi mako uku bai shaƙi maganinsa ba. Na ga wadda ta ƙi gaya wa makaranta cewa 'yarta ba ta cin gyaɗa, don kada magana ta zaga a ce yarinyar "mai lalura" ce, gobe a rasa mai aurenta. Yarinya 'yar shekara shida! Ana lissafin aurenta, ba a lissafin ko za ta kai shekarun.

Yanzu kuma ga masu bargo, masu cewa gado ne ba yadda za a yi. Ku saurara.

A 2007 wasu masana a Landan, ƙarƙashin Miriam Moffatt da William Cookson, suka gano wani wuri a kan kuromosom na 17 da ke da alaƙa mai ƙarfi da asmar da ke farawa tun ƙuruciya. Shekara ɗaya bayan nan, a 2008, masu bincike a Faransa suka nuna cewa haɗarin wannan wurin ya fi tashi a yaran da suka shaƙi hayaƙin taba tun suna ƙanana. A 2013 kuma wani binciken ya nuna cewa haɗarin ya fi bayyana a yaran da ƙirjinsu ya yi kuka lokacin da ƙwayar murar nan ta yau da kullum ta kama su a farkon rayuwa. Kun ga yadda abin yake? Iri yana nan a jini, amma iri ba ya tsirowa a cikin buhu. Sai ya sami ƙasa da ruwa. Kuma ba ƙwaya ɗaya ba ce ke kawo asma. Wurare ne da yawa, kowanne da ɗan abin da yake ƙarawa.

Ga wani misali daga Amurka. Akwai wasu al'ummu biyu na manoma, Amish da Hutterite. Dukkansu asalinsu Turai ne, jininsu na kusa, suna haihuwa da yawa, suna shayar da nono. A binciken da aka wallafa a 2016, asma a yaran Amish kusan kashi 5 cikin ɗari ce, a yaran Hutterite kuwa ta haura kashi 21. Ninki huɗu. Babban bambancin da aka gani shi ne Amish na noman gargajiya, yaransu na tashi kusa da shanu da dawaki, garkuwar jikinsu na samun horo tun da wuri. Su kuwa Hutterite gonakinsu na injina ne, dabbobi na nesa da gidaje. Kada a ce wannan labarin Turawa ne kawai. A Kumasi an auna 'yan makaranta a 1993, aka sake aunawa a 2003, sai aka ga yaran da ƙirjinsu ke toshewa bayan gudu sun tashi daga kusan kashi 3 zuwa kashi 5. Jinin mutanen Kumasi ne ya canza a shekara goma? Rayuwa ce ta canza.

Mu ma da muka baro gida, jinin da muka zo da shi shi ne dai a jikin yaranmu. Abin da ya sauya shi ne inda muka ajiye su. Gida a rufe ruf wata shida saboda sanyi, hita na aiki, kafet daga bango zuwa bango, wanki na bushewa a falo, danshi na bin tagogi. A cikin katifa da filo akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, kashinsu na cikin manyan abubuwan da ke tayar da asma. Muna ta zancen gadon kakanni, mun manta da gadon da yaron ke kwana a kai.

Wanda yake ganin muhalli ba ya kisa, ya tuna da yara biyu. Ella Adoo-Kissi-Debrah ta rasu a Fabrairun 2013 tana da shekara tara, gidansu na kusa da wani babban titi a Lewisham da ke kudancin Landan. Mahaifiyarta ta yi shekaru tana fafutika, har a Disambar 2020 alƙalin binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe ta. A wannan watan dai Awaab Ishak, ɗan shekara biyu, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a Rochdale saboda funfunar da ta cinye bangon gidan hayarsu. Mahaifinsa ya yi ta kai ƙara ba a gyara ba, har aka riƙa ɗora laifin a kan yadda suke rayuwa. Yau akwai doka da sunan yaron, wadda ke tilasta wa masu gidajen haya na gwamnati da na ƙungiyoyi su gyara danshi da funfuna cikin ƙayyadadden lokaci. Da iyayen nan sun ce "haka Allah Ya yi jininsu" suka naɗe hannu, da babu wannan doka. Idan bangon ɗakinku ya yi baƙi, ku ɗauki hoto, ku rubuta wa mai gida, ku nemi likitan unguwa ya ba ku takarda. Kunya ba ta kankare funfuna.

Sai kuma abin da na san zai jawo mini faɗa: turaren wuta. 'Yan uwana mata, ni ma 'yar gida ce. Na tashi na ga mahaifiyata da kaskonta, kuma har gobe idan na ji ƙamshin sandal da hawi sai na tuna ɗakinta. Ɗana na biyu yana da asma. Yana da shekara uku muka kwana asibiti da shi sau biyu a hunturu ɗaya, ni da nake nas. Wata abokiyar aikina ta zo duba shi a gida, tana shigowa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wannan hayaƙin fa?" Na ji haushi ƙwarai. Na ce a raina, me wannan ta sani game da al'adarmu? Na kwana ina juyi, don na san gaskiya ta faɗa. Ɗakin mahaifiyata ƙofarsa a buɗe take, labule kawai, iska na shiga tana fita. Nawa falon tagarsa gilashi biyu ce, a kulle. Huhun yaro bai san wannan hayaƙin na dubu nawa ba ne. Hayaƙi dai hayaƙi ne. Na gaji asma daga mahaifina na ba ɗana, wannan ba ni na zaɓa ba. Garwashin kuwa da hannuna na kunna shi. Tun daga ranar kayana kawai nake turarawa, a waje, idan ba ya gida. Iyaye maza, ku ma ban manta da ku ba. Sigari a baranda da shisha a gareji suna biyo ku cikin gida a riga da gemu, kuma da su kuke ɗaukar jariri.

Akwai inda mu ne ma muke da gaskiya tun asali, muka zo nan muka tsorata. Gyaɗa. A 2008 aka kwatanta yaran Yahudawa na Birtaniya da na Isra'ila, aka ga borin gyaɗa ya ninka kusan sau goma a na Birtaniya. Asali ɗaya, amma jariran Isra'ila na cin wani abin taɓa ka lashe na gyaɗa tun suna watanni. Daga nan Farfesa Gideon Lack ya jagoranci gwaji a kan jarirai 640 masu haɗari a Landan, sakamakon ya fito a 2015: ba su gyaɗa da wuri ya rage kamuwa da kusan kashi 80 cikin ɗari. Wato kunun gyaɗar da kakanninmu ke ɗura wa yaro, shi ne masana suka dawo kai. Amma a kiyaye: daga wajen wata shida ne, a dama ta da laushi, ba a ba yaron da bai kai shekara biyar ba ƙwayar gyaɗa don kada ta shaƙe shi. Jaririn da ke da ekzima mai tsanani ko borin ƙwai, sai an ga likita kafin a fara. Wanda kuma aka riga aka tabbatar yana da borin gyaɗa, kada wata gwaggo ta ce "ba shi kaɗan-kaɗan ya saba". Wannan gangancin na iya kai yaro kabari cikin mintuna.

Na san wani zai ce, "To Malama nas, ke da kike cewa gado ba hukunci ba ne, sikila fa?" Tambaya ce mai kyau. Sikila gadonta daban ne, ƙwaya ɗaya ce tak. Idan uwa AS ce, uba AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A nan ma, Hajiya, sai gida biyu sun haɗa hannu. Kuma sikila na taɓa ƙirji sosai: saifa na lalacewa tun yaro na ƙarami, sai ƙwayoyin limoniya su sami hanya. Amma ko a wannan gado mai ƙarfi akwai abin yi. Tun 1986 aka nuna a Amurka cewa ba jariran sikila fenisilin kullum ya rage mummunan kamuwa da kashi 84 cikin ɗari. Shi ya sa a nan ake ɗiban jini a dugadugin jariri a kwana na biyar, a fara ba shi maganin kafin ya wuce wata uku. Sai ka ga iyaye sun daina bayarwa wai "ai lafiyarsa lau". Lafiyar tasa lau ce saboda maganin!

Haka batun auren zumunci. Ba na cikin masu zagin sa, iyayena ma 'yan wa da ƙani ne. Binciken Bradford na 2013 ya nuna haɗarin haihuwar yaro da nakasar halitta yana tashi daga kusan kashi 3 zuwa kashi 6 idan ma'auratan 'ya'yan wa da ƙani ne. Ke nan mafi yawan yaran lafiya suke zuwa. Amma akwai wasu cututtukan huhu da na garkuwar jiki da ba sa fitowa sai uwa da uba duk suna ɗauke da su a ɓoye. Idan jariri na tari mai majina tun ranar haihuwa ba ya yankewa, ko limoniya na dawo masa a kai a kai, ko ba ya ƙara nauyi, ko an taɓa rasa jarirai a dangi ba a san dalili ba, to idan likita ya tambaya ko ku 'yan uwa ne, ku faɗi gaskiya. Ba tonon asiri yake ba, hanya yake nema. A nan ne sanin gado ke da amfani: a bakin likita, ba a bakin suruka ba.

Abu na ƙarshe, inhela. "Kada ya saba da ita." "Tana hana tsawo." Na ji har na gaji. Shuɗiyar buɗe ƙirji take yi na ɗan lokaci. Mai ruwan ƙasa, ta kullum, ita ce ke kwantar da kumburin da ke cikin hanyoyin iska, kuma ita ce muke jefarwa a durowa da zarar tari ya lafa. Batun tsawo, an bi yara har suka girma, bambancin bai wuce kusan santimita ɗaya ba. A ɗaya gefen kuma, binciken ƙasa da aka fitar a Birtaniya a 2014 ya duba mutuwar mutum 195 da asma ta kashe, ya ga cewa a kusan biyu cikin uku akwai abin da da an yi shi da wataƙila an tsira. Santimita ɗaya da ran ɗanki, wanne za ki ɗauka? Habbatus sauda da zuma ba na hana kowa, in dai yaro ya wuce shekara ɗaya kafin a ba shi zuma, kuma in dai ba su kori inhela daga gida ba. Rigakafin mura na fesawa a hanci, idan sinadarin alade da ke ciki ne damuwarku, ku nemi na allura, akwai shi. Masu ciki kuma, tun Satumbar 2024 ana ba da rigakafin RSV daga mako na 28, don kare jariri daga ciwon ƙirjin da ke cika mana ɗaki duk hunturu.

Idan yaro na buƙatar shuɗiyar sau uku a mako, ko tari na tashe shi da dare, a koma wajen likita. Idan ya kasa magana ko shan nono, haƙarƙarinsa na lotsawa, a ba shi shuɗiyar ta cikin gorar robar nan, fesa ɗaya bayan ɗaya har goma, in bai sassauta ba a kira 999. A fatarmu ba a ganin shuɗin da littattafansu ke faɗa, don haka ku duba cikin leɓe da dasashi, in sun yi fari ko toka-toka kada a jira gari ya waye.

Yaron nan na makon jiya ya kwana biyu, aka sallame su. Kafin su tafi mahaifinsa ya zo, na ja shi gefe na tambaye shi ko akwai mai irin wannan a wajensu. Ya yi shiru, sannan ya ce shi kansa yana firamare ba ya iya buga ƙwallo lokacin hunturu, kuma mahaifiyarsa ce ke kwana a kansa tana shafa masa man zafi a ƙirji. Ita dai wannan Hajiyar mai saƙon murya. Na ce masa, "Alhaji, to kai za ka kira ta ka tuna mata, ba matarka ba." Ya ce in sha Allahu. Na ce kuma kaskon turare da sigari su bar gidan. Wannan karon bai amsa da sauri ba, amma ya karɓi takardar tsarin maganin, ya naɗe ta ya sa a aljihun gaba.